Lemuna yana zubar da ƙaro, ciyawar tsakar gida tana ƙonewa: wane magani zan saya?

Tambayar ta fito ne daga wata Hajiya a Kano. Ta ce shekara 8 ke nan da suka tare a gidansu, suka dasa lemun zaƙi uku da mangwaro biyu a tsakar gida, da layin darbejiya a ƙofar gida. Komai na tafiya daidai har zuwa shekara biyu da suka wuce, lokacin da aka zuba ƙasa aka shimfiɗa ciyawar ado, aka kuma sa intalok a hanyar mota. Yanzu lemu ɗaya ya bushe, biyun da suka rage suna zubar da ƙaro daga gindi, ganyensu ya yi rawaya. Ganyen mangwaro ya yi baƙi kamar an shafa masa kunkunniya, furensa yana kakkaɓewa. Ciyawar kuma ta yi tabo-tabo duk da ana ba ta ruwa safe da yamma. Gadina, wato mai kula da lambun, ya fesa magani iri uku, ba a ga canji ba. Tana son sunan magani mai ƙarfi da zai yi maganin abin gaba ɗaya.

Hajiya, sannu da wannan jarrabawa. Wanda bai taɓa renon itace daga dashe har ya ci 'ya'yansa ba, ba zai gane zafin da ke cikin ganinsa yana bushewa a gaban ido ba. Amma kafin komai, roƙona shi ne ki ce wa gadina ya ajiye famfon feshin nan tukuna. Maganin da zai warkar da duk abin da kika lissafa a lokaci guda babu shi a kasuwa, kuma amsar mafi yawan tambayarki tana cikin jimla ɗaya da kika rubuta da kanki: an zuba ƙasa, an shimfiɗa ciyawa, ana ban-ruwa safe da yamma. Daga ranar nan ne lemunki ya fara ciwo, ganye dai bai nuna ba sai daga baya.

Bari mu fara da lemun, tunda shi ne ransa ke hannun Allah a yanzu.

Ki je gindinsa da kanki, ki sa a tone ƙasar da ke manne da kututturen a hankali, da hannu ko da guntun icce, kada a sa fartanya. Abin da kike nema shi ne wurin aure, wato ɗan kumburin nan ko lanƙwasar da ke ƙasan kututture inda mai dashe ya haɗa lemun zaƙi da gindin wani lemun mai juriya. Yawancin lemun zaƙin da ake saya wajen masu dashe ɗan aure ne, kuma hikimar auren ita ce gindin da ke cikin ƙasa ya fi jure cutar ƙasa, na saman kuma ya fi daɗin 'ya'ya. Ya kamata wurin auren ya kasance sama da ƙasa da kamar taƙi guda, santimita 15 zuwa 20. Ina kyautata zaton za ki tarar an binne shi. Masu shimfiɗa ciyawa kan zo da tifar baƙar ƙasa su baje ko'ina don fili ya daidaita, ba ruwansu da wuyan bishiya. Da zarar ɓawon lemun zaƙi ya kwana cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa wata da watanni, an buɗe wa ciwon ƙaro ƙofa.

Wannan ciwo wata ƙwayar cuta ce ta cikin ƙasa ke kawo shi, masana suna kiranta Faitoftora. Tana kama da fumfuna, amma abin da ya bambanta ta shi ne 'ya'yanta iyo suke yi a cikin ruwa. Idan ƙasa ta bushe suna nan kwance ba su da ta cewa. Idan ruwa ya kwanta a gindin bishiya na wasu sa'o'i, sai su taso su yi iyo zuwa saiwa ko ɓawo, su shiga ta duk inda suka sami rauni, ko da ƙwarzanen injin yankan ciyawa ne ko saran adda. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tana shiga sai ta kama cin ɓawon ta ciki, shi kuwa ɓawo shi ne hanyar da abincin da ganye ya sarrafa ke bi ya sauka zuwa saiwa. Ƙaron da kike gani kukan bishiyar ne. Ranar da ruɓewar ta zagaye kututturen ta haɗe, an shaƙe wuya ke nan, saiwa ta mutu da yunwa. Sau da yawa irin wannan lemun yakan cika da fure da ƙananan 'ya'ya fiye da kima daf da mutuwarsa, masu gida su yi ta murna ba su san bankwana yake yi ba.

Na taɓa zuwa wani gida da aka kira ni kan irin wannan matsala. Lemu biyar a jere, kowanne an gina masa ɗan zagayen bulo mai kyau an cika da ƙasa, an shuka fulawa a ciki, tiyo kuma na kwance a gindin ɗaya yana zuba tun asuba. Da na tura yatsa a ɓawon da ke ƙarƙashin ƙasa, sai ya saɓule kamar fatar dafaffen dankali, cikinsa ruwan kasa, yana tashin tsami. Mai gidan ya fito mini da kwalabe bakwai na maganin da aka fesa wa ganye. Ko ɗaya bai je inda ciwon yake ba. Mun ceci uku daga cikin biyar, kuma babban abin da ya cece su rushe bulon nan ne da ɗauke tiyo.

Ga yadda za a yi da naki. A janye ƙasa har sai wurin aure ya fito fili kuma an fara ganin kafaɗun manyan saiwoyi. A bar wurin a buɗe ya sha iska. A cire ciyawa daga gindin, aƙalla mita ɗaya ta kowane gefe, in da hali har iyakar inda inuwar rassan ta tsaya. Sai a sami wuƙa mai kaifi, a tsoma ta cikin ruwan bilic, a kankare ruɓaɓɓen ɓawon har a kai ga mai lafiya, a ɗan ƙara kamar faɗin yatsa a cikin mai lafiyar. Ɓawo kawai za a cire, kada a sassaƙi itacen da ke ciki. Abin da aka kankare a tattara a ƙone. Daga nan a sayi garin maganin fumfuna mai tagulla, wanda masu shagon kayan gona ke kira kofa, irin da ake fesa wa tumatir, a dama shi da kauri kamar kunu, a shafe raunin da burushin fenti. Tagulla tsohon magani ne, tun shekarun 1880 manoman inabi na yankin Bodo a Faransa suka fara haɗa shi da laim, wato farar ƙasa, kuma har yau bai daina aiki ba. Idan an sami magani mai sinadarin metalaksil, a dama gwargwadon abin da takardarsa ta ce a zuba a ƙasar da ke ƙarƙashin inuwar bishiyar, shi yana bin saiwa ya shiga jiki. Amma in kin ga ruɓewar ta ci fiye da rabin zagayen kututture, kada ki wahalar da kanki. A tumɓuke shi da saiwarsa, shi da wanda ya riga ya bushe.

Batun rawayar ganye kuwa, ki tsinko reshe ki duba da kyau, don rawaya ba iri ɗaya ba ce. Idan jijiyar tsakiyar ganyen ce ta fara yin rawaya, wannan alamar ruɓewar gindi ce da muka gama magana a kai. Idan tsofaffin ganyaye na ƙasa ne suka koɗe baki ɗaya, yunwar taki ce. Idan kuwa sabon toho ne ya fito fari-fari ko rawaya alhali jijiyoyinsa na nan kore shar kamar zanen raga, to ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, kuma a gidajenmu na birni na fi ganin wannan. Ba wai babu ƙarfen a ƙasa ba ne. Ɓaraguzan siminti da magina suka binne, da toka, da ruwan omo da ake watsawa a gindin bishiya bayan wanki, su ne ke juya ƙasa ta koma mai kanwa-kanwa, sai ƙarfen ya ɗaure, saiwa ta kasa zuƙa. Lemu ya fi kowa ƙin wannan. Zuba masa kamfa ba ya warware ta. Sai an hana ruwan wanki zuwa wurin, an tsince ɓaraguzan da za a iya, an riƙa zuba ruɓaɓɓen takin shanu wanda ya huce sosai.

Yanzu ga abin da nake so ya zauna miki a rai, don shi ne tushen matsalar gidan: ciyawar ado da itacen marmari ba abinci ɗaya suke ci ba, ba kuma sha ɗaya suke yi ba. Ciyawa saiwarta gajera ce, tana son ruwa akai-akai da yuriya. Bishiyar da ta shekara 8 tana son a shayar da ita ta ƙoshi, sa'an nan a ƙyale ƙasa ta sha iska kwana bakwai ko goma kafin a sake. Saiwar da ke sha mata ruwa ma ba a jikin kututture take ba, tana can ƙarƙashin bakin inuwa, inda ruwan sama ke ɗiga daga ganye. Can ake yin kwarin ban-ruwa, zobe guda, a bar tsibirin busasshiyar ƙasa a tsakiya. Duk wanda ya haɗa su a tiyo ɗaya, dole ɗaya ya cutu, kuma yawanci bishiyar ce, domin ita ba ta nuna ciwonta da wuri.

Mangwaro ya fi lemu haƙuri da wannan zama, amma shi ma yana biya ta wata hanya. A ƙasarmu mangwaro yana buƙatar ya ji fari bayan ɗaukewar damina, sanyin hunturu ya biyo baya, kafin ya yi fure sosai. Idan ana ta ɗura masa ruwa da yuriyar ciyawa daga Oktoba zuwa Disamba, sai ya yi ta sabon ganye, furen ya zo kaɗan. Ki sa a rage ruwa a kewayensa da zarar damina ta ɗauke, a dawo da shi bayan 'ya'ya sun ƙulla sun kai girman gyaɗa.

Zubar fure kuma kashi biyu ce. Akwai ta ɗabi'a: a cikin ɗaruruwan furannin da ke kan zangarniya guda, ko ɗaya cikin ɗari ba ya zama mangwaron da za a ci, sauran dole su zube. Akwai kuma ta ciwo. Ki fita da sassafe a watan Janairu ko Fabrairu ki duba zangarniyar. Idan kin ga wani farin gari a kanta kamar an barbaɗa garin rogo, daga baya ta yi baƙi ta bushe ba ko ɗa ɗaya, wannan farar fumfuna ce, mai son daren sanyi da raɓa da rana mai bushewa, wato dai yanayin hunturunmu sak. Maganinta farar wuta ce, irin garin da ake damawa da ruwa don feshi. Ana fesawa ne lokacin da zangarniya ta fito kafin furanni su buɗe, a maimaita bayan mako biyu, kuma da yamma, don farar wuta tana ƙona ganye idan rana ta take. Maganin ƙwari kuwa kada a kusanto da shi lokacin da fure ke buɗe. Ƙudaje da ƙudan zuman da kike gani suna yini a kan furen su ne ke ɗaukar masa barbara. A kashe su, a rasa 'ya'ya, sa'an nan a ce ciwo ne.

Baƙin da ke kan ganye shi ne abin da ya fi tayar wa mutane hankali, alhali shi ne mafi sauƙi. Ki jiƙa yatsa ki murza ganyen. Za ki ga baƙin ya fita, koren ganye na nan lafiya a ƙarƙashi. Ba cikin ganyen yake ba, a kansa yake zaune. Juya bayan ganyen, ko ki ɗaga kai ki duba rassan da ke sama da shi: za ki ga wasu fararen ƙwari kamar ɓurɓushin auduga sun taru a jikin jijiya, ko wasu ƙanana masu kama da ɓawon kifi sun manne ba sa motsi. Tsotsar ruwan bishiya suke yi, suna fitar da wani ruwa mai zaƙi da danƙo, irin darɓar da manomi ya sani a ganyen dawa. A kan wannan zaƙin ne baƙar fumfuna ke tsirowa. Illarta ita ce tare wa ganye hasken rana. Za ki kuma ga tururuwa na hawa da sauka a kututture; kiwon ƙwarin nan suke yi don zaƙin, suna kore musu abokan gaba.

Akwai tarihi a nan da ya kamata duk mai famfon feshi ya sani. A farkon shekarun 1980 wani irin farin ƙwaron mangwaro ya shigo Afirka ta Yamma daga Asiya, ya mamaye Togo da Benin da Gana da kudancin Najeriya, har mutane suka riƙa sare itatuwansu don takaici. Feshi bai yi maganinsa ba. Abin da ya karya lagonsa shi ne wani mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro da aka ɗauko daga Indiya, masana na cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa, IITA, da abokan aikinsu suka sake shi a ƙarshen shekarun 1980. Yana saka ƙwansa a cikin jikin farin ƙwaron, ɗansa ya cinye shi ta ciki. Irin waɗannan mataimaka suna nan a kowane lambu, ido bai cika ganinsu ba, kuma su ne farkon mutuwa idan aka yi feshin kan-mai-uwa-da-wabi. Farin ƙwaron yana da rigar kakin da ke kare shi, su ba su da ita. Shi ya sa gidan da aka fi feshi sau da yawa shi ne gidan da ƙwarin suka fi dawowa da ƙarfi. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Abin da nake ba da shawara shi ne a rage rassan da suka cushe a tsakiya don iska da rana su ratsa, a wanke bishiyar da ruwa mai ƙarfi, sa'an nan a fesa ruwan sabulu, babban cokali ɗaya na sabulun ruwa a lita ɗaya, ana nufar bayan ganye. A fara gwadawa a reshe ɗaya a kwana biyu a gani. Maganin da ya fi wannan ma yana ƙofar gidanki: 'ya'yan darbejiya. A busar da su, a daka kamar giram 50 ga kowace lita ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle, a ɗiga sabulu kaɗan, a fesa da yamma duk mako har sau uku ko huɗu. A kuma datse rassan da suka taɓa katanga, don nan ce gadar tururuwa. Baƙin zai bushe ya ɓare da kansa bayan ƙwarin sun tafi.

Tunda ana kan mangwaro, abu biyu a gurguje. Idan kin ga wani kurtsin ganye daban a kan reshe, mai jan fure kamar ashana, kauci ne. Tsuntsaye ke kawo shi, saiwarsa na cikin reshen tana sha. Fizge shi ba ya kashe shi, sai an yanke reshen kamar kamu ɗaya ƙasa da inda ya kama. Mangwaron da ya faɗo da tsutsa kuma kada a bar shi a ƙasa. Ƙudan da ke saka ta, wanda aka fara gani a Kenya a 2003 kafin ya bazu zuwa yankinmu, a cikin ƙasa tsutsarsa ke rikiɗa. A tsince kullum, a ɗaure a baƙar leda a ajiye a rana kwana biyu ko uku.

Ba ki yi ƙorafi kan darbejiyarki ba, amma intalok ɗin da aka sa ya sa zan ja kunne. Muna ɗaukar darbejiya kamar ba ta ciwo, tun da aka kawo ta Borno a 1928 take jure mana fari da zafi. Amma a tsakiyar shekarun 1980 wani ƙwaro mai manne wa ganye ya yi mata ɓarna a kewayen Tafkin Chadi, sa'an nan wajen 1990 aka fara ganin wata irin ramewa a Nijar da arewacin Najeriya: ganye ya zube, ya bar ɗan tuntu a ƙarshen dogon reshe kamar wuyan raƙumin dawa. Masana sun yi ta bincike ba su kama wata ƙwayar cuta da za a ɗora wa laifin ba. Abin da ya fi rinjaye a wurinsu shi ne wahala ce, ta fari da taurin ƙasa. To in darbejiya ma tana ramewa idan ƙasa ta matse ta, ina ga sauran? Idan an kai intalok ko kankare har wuyanta, a ɗaga, a bar mata fili aƙalla mita ɗaya ta kowane gefe. A hana mai janareta zubar da baƙin mai a wurin. Kuma ki tambayi gadina ko yana fesa maganin kashe ciyawa a tsakanin intalok. In yana yi da famfon da yake fesa wa bishiyoyi, wannan kaɗai ya isa ya murɗe sabon toho ya tsuke shi. Famfon maganin ciyawa daban ake ware shi.

Gara kuwa ana yawan ɗora mata laifin da ba ita ta fara ba. In ban da ƙananan dashe, musamman na bishiyar turare, da takan ci da ransu, galibi gara tana zuwa ne bayan wani ɓangare na itacen ya riga ya mutu. A kankare ginin da ta yi a jikin ɓawo, a cire matattun rassa, a nemi abin da ya raunana bishiyar.

Sai ciyawa. Tabon ciyawa kamar zazzaɓi ne, alama ce ta abubuwa da yawa, kuma da hannu ake gane wanne ne. Je ki bakin tabon, inda kore ya haɗu da busasshe, ki kama ciyawar ki ja. Idan ta taso gaba ɗaya kamar an ɗaga tabarma, babu saiwa, tona kaɗan za ki ga gwazarma, farar tsutsar nan mai lanƙwasa da jan kai. Wani lokaci da ɗanyen taki ake shigo da ita. Idan saiwa na nan da ƙarfi amma ganyen ne aka gaigaye, a dama sabulun ruwa cokali biyu a bokiti a kwarara a wurin da yamma, a tsaya minti biyar. In tsutsa ce za ta fito sama da kanta. Tsutsar nan mai cin masara da aka fara ganowa a Najeriya a farkon 2016 tana cin ciyawa ita ma, kuma da dare take ɓarna, shi ya sa ba a ganinta. A nan ne kawai feshi ke da amfani, shi ma a kan tabon da kewayensa, da yamma.

Idan ba ko ɗaya, a sami rodi a soka a tsakiyar tabon, a kuma soka a inda ciyawa ke da lafiya. Sau da yawa a wurin tabon rodin ba ya shiga ko rabin taƙi sai ya ci karo da guntun bulo, ko marmara, ko dandamalin da magina suka kwaɓa siminti a kai. Wannan ciyawar ƙishirwa ke kashe ta ko ana ba ta ruwa sau uku a rana, don ba ta da ƙasar da za ta riƙe shi. Sai an haƙe an cire. Tabo ƙarami mai zagaye da kore shar a bakinsa kuma, fitsarin dabba ne ko inda yuriya ta zube da yawa.

Ciwon fumfuna na gaske a ciyawa yana zuwa ne da marka, a watan Agusta, ko a gidan da ake ban-ruwa da magariba ciyawa ta kwana a jiƙe. Za ki ga faffaɗan zagaye ruwan kasa yana faɗaɗa, in kin ja ganye ɗaya sai ya zare cikin sauƙi, gindinsa ya yi baƙi ya ruɓe, amma saiwa na nan. Da irin ban-ruwan gidanki, zan yi mamaki in babu wannan a ciki. A daina ruwan yamma ɗungurungum. A koma sau biyu ko uku a mako, da sassafe, a ba ta ta ƙoshi. Don a san gwargwado, a ajiye gwangwanayen kifi uku ko huɗu a cikin filin lokacin ban-ruwa, in ruwan da ya taru a ciki ya kai santimita ɗaya da rabi, ya isa. Taki kuma kilo ɗaya na yuriya ya ishi fili mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi, a watsa a busasshiyar ciyawa a bi da ruwa nan take, kuma ba a cikin marka ba. Wajen yanka, kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayinta a lokaci guda, a kuma wasa wuƙar injin, don dakusasshiya yaga ganye take yi, bakinsa ya yi fari. In kin ga aya-aya na yawaita, ita ma shaida ce ruwa ya yi yawa.

Akwai tabon da ba shi da magani, shi ne na ƙarƙashin mangwaro. Idan ciyawarki kirikiri ce, wadda masu fulawa suka fi sayarwa a nan, rana take so ta yini a kanta. Inuwar mangwaro mai duhu ba za ta taɓa barinta ta yi kauri ba, ko an sake dasawa sau goma. Ni a ganina a haƙura da ciyawa a wurin. A share zagayen inuwar, a shimfiɗa busasshen ganye ko ɓawon gyaɗa kaurin yatsu uku, a bar taƙi guda tsakaninsa da kututture, a riƙa dubawa saboda gara. Bishiyar za ta huta, a sami wurin shimfiɗa tabarma. Ki kuma yi lissafin ruwa: a tsakiyar bazarar Kano, filin nan mai mita 10 da 10 yana shan abin da ya kai lita 3,000 zuwa 4,000 a mako. A unguwar da maƙwabta ke sayen ruwa a jarka, ina ganin rage faɗin ciyawar zuwa inda yara ke wasa ya fi dacewa, kuma ƙaramin fili ya fi sauƙin kulawa ya yi kyau.

Duk maganin da za a saya, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa, a karanta kwanakin da za a jira kafin a ci 'ya'yan itacen. Kada a karɓi na ɗure a kwalbar da ba ta da suna, kada kuma a kusanto da fiya-fiya wajen abin da za a ci. Mai feshi ya rufe hanci da jiki, a shigar da yara da kaji ciki. Idan an yi duk wannan wani abu ya ƙi ganuwa, a yanki reshen da ke da rabi mai rai rabi matacce, a haɗa da 'yar saiwa da ƙasarta, a naɗe a takarda, ba leda ba don kada ya gumu ya ruɓe, a kai wa malaman gona na hukumar raya aikin gona ta jihar Kano, KNARDA, ko tashar binciken kayan lambu ta NIHORT da ke Bagauda, ko sashen kare amfanin gona na cibiyar binciken aikin gona ta IAR a Samaru.

In kin tashi maye gurbin lemun da ya mutu, kada a sa sabon a ramin tsohon, ƙwayar cutar tana nan a ciki tana jira. A matsa gefe kamar mita uku, inda ruwa ba ya kwanciya, a bari sai damina ta zauna wajen ƙarshen Yuni. Wajen saye ki zare dashen daga ledarsa ki duba: saiwa mai lafiya fara ce ko ruwan madara, mai ƙarfi, in ta yi baƙi tana saɓulewa, ki bar musu kayansu. A tara ƙasa ta yi ɗan tudu, a dasa a kai daidai zurfin da yake a cikin leda, wurin aure yana sama sosai inda ko an yi ruwa mai ƙarfi laka ba za ta fantsamar masa ba. Biyun da suka rage kuma, bayan an buɗe gindinsu an kankare, ki ɗauki hoton raunin daga kusa, da wani daga nesa da zai nuna bishiyar duka, ki turo mini, don in ga ko ɓawon da ya rage zai iya ɗaukar ta.